Lambobin da Na Ɓoye a Gefen Littafi

Garki, Abuja.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki irin gaisuwar da bakina ya kasa yi miki tun kina ƙarama. Allah ya kai ki Kurudu lafiya, ya sa ki tarar da ɗakinki da mijinki da Hajiyarsa cikin alheri. Ya tsare ki, ya tsare abin da kike ɗauke da shi, daga yau har ranar da zai raba ku lafiya.

Za ki tsinci takardar nan a jakar na'urar awon jininki, ƙarƙashin maɗaurin hannu. Da gangan na sa ta nan, don na san ita za ki fara buɗewa gobe da safe. Kin san ni da nauyin baki. Sati biyar kina gidan nan tun da likita ya ce jininki ya fara hawa, kullum ina shiga ɗakinki da niyyar in zauna in ba ki wani labari, sai in ƙare da tambayarki ko za ki sha kunu. Ke ce ta fari, ban taɓa sakewa da ke yadda na sake da ƙannenki ba. To, biro ba ya jin kunya, bari ya yi mini aikin.

Yanzu magani ya karɓe ki, likita ya yarda ki koma ɗakinki bisa sharaɗin awo safe da yamma. Sati shida ne tsakaninki da dawowa goyon ciki, kuma satuttukan nan shida su suka hana ni sukuni. Mijinki Sadiƙ zai fita kasuwar Dei-Dei tun sassafe, daga Kurudu kuwa sai ya keta garin nan gaba ɗaya, ba ya dawowa sai magariba. Hajiyarsa mutuniyar kirki ce, amma suruka suruka ce. Tsawon yini babu wanda zai san halin da jininki yake ciki sai ke da na'urar nan. Ni ma na taɓa zama haka da cikinki, kuma saura ƙiris in hallaka mu mu biyu. Abin da kika sani kawai shi ne aiki aka yi mini aka ciro ki tun watanninki ba su cika ba. Ga sauran.

Ina da shekara goma sha tara Abbanki ya kawo ni daga Zariya zuwa gidajen ma'aikata na nan Garki, hawa na biyu, ɗaki biyu da falo. Ni na zaɓe shi, shi ma ni ya zaɓa, kuma kaina a cike yake da littattafan soyayya. Jaka guda na taho da su. Idan ya tafi ofis sai in share gida, in ɗora girki, in kwanta a doguwar kujera in shiga duniyarsu. A can mace ba ta kumburin ƙafa. Tana tarbar mijinta da turare da murmushi, ba ta taɓa ce masa kanta na ciwo, in ma ta yi rashin lafiya to irin mai kyau ce, wadda ke ƙara mata haske. Wallahi Ummi, haka na ɗauka aure yake, kuma haka na ƙudura zan zama.

Da cikinki ya shiga wata na shida, a wurin awo nas ta gwada ni ta yamutsa fuska. Likita ya ce jinin yana bakin iyaka, a samo na'ura a riƙa gwadawa a gida, a rubuta, a kawo masa takardar duk ranar awo. Washegari Abbanki ya shigo da ita a kwali. Lokacin ba kowane gida ke da ita ba, har maƙwabta sukan leƙo su ga yadda take kumbura hannu. Ya ɗauko farar takarda da rula, ya ja layuka kamar aikin ofis: rana, safe, yamma. Kullum in ya dawo, kafin ya cire takalmi, sai ya ɗauki takardar daga kan talabijin. In lambar ba ta kai 140 ba, sai ya ce alhamdulillah, ya zaro jan bironsa daga aljihu ya zana ɗan tauraro a gefenta, ya dube ni ya yi murmushi.

Tauraron nan shi ya kusa kai ni kabari, amma bari in bi a hankali.

Kuskurena na farko ƙarami ne, na rashin sani. Nakan gwada duk lokacin da na tuna. Wani lokaci na hawo bene da bokitin ruwa ina haki, wani lokaci a kwance da littafi a hannu, sau da yawa kuma a kan hannun riga, don ina jin nauyin tuɓe hannu ko da ni kaɗai ce a gidan. Lambobin sai su yi ta tsalle, yau sama gobe ƙasa, har na fara cewa na'urar ce ba ta da hankali. Ke an koya miki, amma zan maimaita, don aikin gida yana sa mutum ya yi ha'inci ba da niyya ba. Ki zaga banɗaki tukuna. Ki zauna a kujera mai majingina, ƙafafunki biyu a ƙasa, ki huta minti biyar cur. Hannun a tuɓe, a ɗora shi kan tebur daidai ƙirji. Kada ki yi magana, kada ki taɓa waya, ko Hajiya ce ta kira ki, ki bari ta gama. Ki gwada sau biyu da ɗan tsakani, a lokaci ɗaya kullum. Tuwo ba zai ƙone a minti bakwai ba, in ma ya ƙone a tuƙa wani.

Kuskure na biyu shi ne babban. Wata ranar Laraba na gwada na ga 146 bisa 94. Na zauna ina kallon lambar, sai na hango fuskar Abbanki da yamma, biro a hannu, babu abin zanawa. Na kuma tuna likita ya ce in ya ci gaba da hawa za a kwantar da ni, Gwaggona kuwa dama ta aiko cewa a maido ni Zariya da wuri. Ko wanne aka yi, rabuwa da shi ke nan. Sai na sake gwadawa. Na sake. A karo na biyar ta ba ni 138, na rubuta wannan. Da yamma na samu taurarona.

Daga nan hanya ta buɗe. Na koyi sassauta maɗaurin. Na koyi shan zoɓo marar sukari da haɗiyar tafarnuwa kafin awo. Da abin ya fi ƙarfin dabara, sai kawai in rage talatin daga lambar sama, ashirin daga ta ƙasa, in rubuta. Amma ga wani abu da har yau ban gane kaina a kai ba: na kasa jefar da lambar gaskiyar. Sai in rubuta ta da fensir, ƙanana-ƙanana, a gefen shafin duk littafin da nake karantawa a ranar. Kamar in na ajiye ta a wani wuri, ƙaryar ba ta cika ƙarya ba.

Ranar awo ta zo. Nas ta gwada ni, ya yi sama. Likita ya duba katin, ya duba takardar Abbanki mai jerin taurari, ya ce, "Malama, a gida lafiya lau kike, a nan ne yake hawa. Ko tsoronmu kike ji?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Ƙila."

Ya yi dariya ya ce akwai masu haka, da sun ga farar riga jininsu ya tashi. Ya ce in ci gaba da abin da nake yi, in dawo bayan sati biyu. Bawan Allah bai yi laifin komai ba, da abin da na ba shi ya yi aiki. Na fito ina jin kamar na ci jarrabawa.

Ummi, ki riƙe wannan ko da kin manta sauran. Littafin awonki ba takardar sakamako ba ne, babu mai ba ki na ɗaya a kai. Idon likita ne a cikin ɗakinki. In kika gyara lamba, ido kika rufe masa, kuma shi ba zai sani ba. Abin da na'ura ta faɗa shi za ki rubuta, na farko da na biyu, mai daɗi da marar daɗi. In ya kai 140 a sama ko 90 a ƙasa, ki kira asibitinki a ranar, kamar yadda suka ce miki. In ya kai 160 ko 110, ba kira ba ne kuma, tafiya ce, da zanen da ke jikinki. Kuma zoɓo abin sha ne, ba ya maye gurbin ƙwayar da aka rubuta miki. Kada ki daina shan ta don kin ga lamba ta yi kyau, ita ce ta sa ta yi kyan.

Kuskure na uku, jikina ya yi ta magana ina toshe kunne. Zoben da Abbanki ya ba ni ya ƙi fita daga yatsa, na ce ƙiba ce ta jin daɗi. Fuskata ta cika har idanuna suka ƙanƙance, na ƙara kwalli. Kaina ya riƙa sarawa daga goshi har ƙeya, ciwon da maganin ciwon kai ba ya taɓawa. Wasu 'yan ƙyalƙyali suka fara yawo a idona, in ina karatu layukan su haɗe. Sannan wani ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarina na dama, na ɗora wa wake laifi. Duk na tattara na kira su laulayi. Cikin fari kuma ba a maganarsa, balle a yi ƙorafi a kansa, haka aka tarbiyyantar da mu. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan, ko kuma ki ji motsin ɗan ya ragu, ya isa ya kai ki asibiti ko da na'ura ta nuna lamba mai kyau. Ba sai sun taru ba.

Kin san Anti Saratu, wadda kuke zuwa wa gaisuwar Kirsimeti kuna dawowa da cincin a leda. Ba ki san dalilin da ya sa ba na bari shekara ta wuce ba ku je ba. Ƙofarta na kallon tamu a lokacin. Mutuniyar Filato ce, tana aiki a ɗakin kati na asibitin da nake zuwa awo. Ta iya karatun Hausa tun a coci, kuma ni na lalata ta da littattafaina, har takan ƙwanƙwasa mini ƙofa da sassafe ta ce a ba ta na biyu, ba ta yarda yaron nan ya auri wata ba.

Wata Asabar da hantsi ta shigo ko sallama ba ta gama ba, littafin da ta ara jiya a hannunta, yatsanta a cikin shafi.

Ta ce, "Amarya, wannan lamba na wane ne?"

Na ce, "Wace lamba, Anti?"

Ta buɗe ta nuna mini. 152 bisa 98. Ta juya shafi, 157 bisa 101. Ta juya, 161 bisa 104. "Ni ina karanta soyayya, ina ganin BP yana hawa. Yarinyar cikin littafi ne yake da hawan jini, ko ke?"

Na ce lissafin cefane ne. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta kama hannuna ta danna yatsa a bayansa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa.

"Cefane. Shekara goma ina ɗaukan katin masu ciki, ni za ki gaya wa cefane? Kawo injin."

Ta zaunar da ni, ta naɗe mini hannun riga da kanta, ta ɗaure maɗaurin yadda ya kamata. Na'urar ta yi ƙugi ta tsaya. Ba ta faɗi lambar ba, ta dai juyo mini da ita: 168 bisa 112. Ta ɗauki takardar kan talabijin ta kalli taurarin, ta daɗe tana kallo.

"Oganki ya sani?"

Na girgiza kai. Na ce, "Don Allah Anti, kada ki faɗa masa. Zan sha magani, zuwa Litinin zai sauka."

Ta ce, "Ƙanwata ma Litinin ta ce. Jijjiga ya kama ta ranar Lahadi. Sa hijabinki." Ta leƙa ta baranda, Abbanki na ƙasa yana hira da maƙwabta, ta ce, "Oga, bar wannan hira, nemo mota yanzu."

A asibiti aka gwada fitsarina, aka ce abin ya fara taɓa ƙoda. Aka kwantar da ni, aka yi mini wata allura da ta sa jikina ya ɗau zafi kamar an zuba mini garwashi a jijiya. Kwana biyu suna fama jinin ya ƙi sauka, a na uku suka ce sai an ciro ki. Da na farfaɗo aka tura ni a keke zuwa inda kike, cikin kwalba, duk tsawonki bai wuce daga gwiwar hannuna zuwa tafina ba. Kina ta harba ƙafa kamar mai faɗa da wani. Nas ta ce, "Wannan ba ta zo da niyyar komawa ba." Kwana goma sha tara kika yi a ciki. Ban taɓa ganin mutum mai naci irinki ba, kuma tun ranar nake alfahari da ke, ko da ban iya faɗa ba.

Abbanki bai yi mini faɗa ba, da ya yi ma da na fi samun sauƙi. Ranar da aka sallame ni ya zauna a bakin gado da takardar da littafin, yana haɗa ranaku, wannan lamba da waccan. Can ya ce, "Laifina ne. Da na sani, da babbar lamba nake yi wa tauraro, tunda ita ce mai wuyar faɗa." Na yi kuka kamar raina zai fita. Duk littattafan da na karanta, babu namijin da ya taɓa faɗin magana mai kama da wannan, kuma ban same ta ba sai da ya gan ni a kumbure, ba kwalli ba turare, da ƙarya a hannuna. Saboda haka kada ki raina Sadiƙ ki ce ba zai iya ɗaukar labari marar daɗi ba. Ya gaji a kasuwa, gaskiya ne, yana ta fama da masu lodi da direbobi. Duk da haka ki nuna masa littafin kullum, ki koya masa ma'anar lambobin, ya san wacce ce ta rufe shago. In kika ɓoye masa don kada hankalinsa ya tashi, tashin hankalin yana nan, kin dai tara masa ne ya biya gaba ɗaya a rana guda.

Saura ɗaya. Da aka ciro ki na ɗauka an gama, na ɗora na'urar a kan kabad. Gwaggo ta zo daga Zariya da ƙullin kanwa da ganyen wanka, ta kama aikinta na jego da zuciya ɗaya: ruwa mai tafasa safe da yamma, kunun kanwa kofi bayan kofi. Kwana goma da aikin, ciwon kan nan ya dawo, shi ɗin dai, na gane shi kamar muryar wanda na sani. Wannan karon babu wanda ya kama ni. Ni da kaina na sa aka sauko da na'urar, na zauna, na gwada, na ga ya hau. Gwaggo ta shigo da kofi, na ce mata ba zan sha ba sai na ji daga likita.

Ta ce, "Ikon Allah. Mu da muka haifi tara da kanwa, yau kwalin batir ne zai koya mana jego?"

Na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, asibiti zan koma."

Ta yi fushi na yini biyu, har ta ɗaure kayanta. Da likita ya ce a ajiye kanwa a rage zafin ruwa, ya ƙara mini magani, ita ce kuma ta koma tana tsare ni da awo, tana cewa, "An tambayi kwalin yau?" Allah ya jiƙanta. A rayuwata wannan ne karo na farko da na ce wa babba a'a, kuma sama ba ta faɗo ba. To ki sani hawan jinin ciki ba ya tafiya ranar suna. Bayan kin sauka za mu ci gaba da awo har sai likita ya ce ya isa, kuma jegonki a hannuna yake, abin da ya hana ba zai shiga bakinki ba ko wa ya kawo.

Game da Hajiya, ga shawarata. Tun gobe, kina lafiyarki, ki ɗauki na'urar ki je ɗakinta ki gwada a gabanta, ki gwada ta ita ma, tsofaffi suna son a kula da su. Ki ce mata, "Hajiya, likita ya ce in ta nuna kaza, ko a tsakiyar girki nake sai an kai ni." Maganar da aka yi ranar lafiya ba ta da nauyin faɗa ranar ciwo. Ki ajiye lambar mai motar unguwarku a waya, katinki da jakarki a bakin ƙofa. In abu ya taso kada ki jira Sadiƙ ya ƙetaro gari, ya same ku a can. Ni kuma ki turo mini lambobin a waya safe da yamma. Ba sai kin gaishe ni ba, lambar ce gaisuwar.

Wani abu na ƙarshe, wanda ba ki san na gani ba. Sati biyu da suka wuce na zo wucewa ta ƙofarki da kwanon wanke-wanke, kina zaune kina awon yamma. Na ga kin gwada, kin rubuta. Kin sake gwadawa, sai biron ya tsaya a sama. Na san wannan tsayuwar, Ummi, na san abin da ake tunani a cikinta. Na maƙale a bayan labule ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Sai na ga kin sunkuya kin rubuta. Kika miƙe, kika sa hijabi, kika fito falo, Abbanki na zaune da baƙi biyu daga ofishinsu, kika durƙusa kika gaishe su, sannan kika ce, "Abba, ya hau, 146 bisa 93. A kai ni asibiti." Muryarki ko rawa ba ta yi ba. A ranar aka gyara miki magani, shi ya sa yau kike da ƙafar komawa ɗakinki.

Da muka dawo, Abbanki yana ajiye makullin mota ya dube ni ya ce, "Wannan dai ba ta biyo ki ba." Na ce masa alhamdu lillahi. Ban taɓa jin daɗin gori irin na ranar ba.

Abin da kika yi a falon ubanki, shi nake roƙon ki yi a tsakar gidan surukarki, inda ya fi wuya, inda ba na bayan labule.

Allah ya yi miki albarka. Ya sanyaya jininki, ya ƙarfafa abin da ke cikinki, ya cika masa kwanakinsa. Ya tsare hanyar da za ki bi da wadda mijinki ke bi kullum, ya dawo mini da ke gidan nan da ƙafafunki, ya sauke ki lafiya ina kusa. Ki gaishe da Hajiya da kyau, ki gaishe da Sadiƙ. Na bar ki a hannun Wanda ajiyarsa ba ta ɓata.

Wassalam,
Mahaifiyarki.